Asibitin dabbobin da nake kai Bature, wata 11 kenan muna fama da suga

Tun ranar da aka gan ni a cikin pragya, keken hayan nan mai ƙafa uku, da kwando a cinya kyanwa na kuka a ciki, mutanen layinmu a Aboabo ba su bar ni na huta ba, wannan ya ce Anti wai da gaske kyanwa na yin ciwon suga, waccan ta ce dama akwai asibitin kyanwa a Kumashi ko dai wasa kike. Akwai, kuma wata 11 kenan ina zirya a can, don haka bari in faɗi abin da na gani da idona, mai daɗin da mara daɗin. Sunan wurin dai ba zan kama ba saboda akwai kuskuren da suka yi mini da zan faɗa a nan, kuma ba na son a ce na zo ɓata wa mutane sana'a. Asibiti ne na kuɗi, ba na gwamnati ba, yana can ɓangaren masu hali, daga gidanmu in babu cunkoso minti 25 ne, in kuwa ka faɗa cikin go-silo na yamma sai dai ka yi ta salati.

Bature muzuru ne, fari da ɗan ja a kunne, shi ya sa Mma Allah ya jiƙanta ta sa masa wannan sunan. Shekararsa 14 yanzu, an fiɗiye shi tun yana ƙarami. Na Mma ne ba nawa ba, ni gadonsa na yi tare da tabarmar sallarta da injin gwada suganta, don ita ma sugan ne ya wahalar da ita shekara da shekaru, ni nake kai ta Gee, babban asibitin Komfo Anokye, duk wata. To Mma ta sangarta shi ba kaɗan ba, in ta sha koko sai ta zuba masa a murfi, burodi da shayi, ragowar waakye, tuwon zafi da miyan ayoyo, har masa yake ci wallahi. Ya yi ƙiba har ba ya iya bin ɓera, sai dai ya bi shi da ido. Mu kuwa dariya muke muna cewa hutu ya karɓe shi.

Bayan rasuwarta da kamar shekara ɗaya sai na ga ya fara ramewa alhali cinsa ya ƙaru, kullum yana bakin bokiti yana shan ruwa kamar wanda ya yi azumi, fitsari kuwa ba a magana. Ni na ɗauka kewar Mma ce. Abin da ya farkar da ni kiyashi ne. Wata safiya ina shara sai na ga inda ya yi fitsari a bayan randa kiyashi sun yi baƙi ƙirin a wurin, na tsaya da tsintsiya a hannu gabana ya faɗi, saboda haka muka fara gane na Mma tun kafin wani likita ya faɗa. Ga shi kuma tafiyarsa ta canja, maimakon ya taka da yatsu kamar kowace kyanwa sai ya dinga dafa ƙasa da diddigen ƙafafun baya gaba ɗaya kamar zomo. Daga baya dokta ta ce mini sugan ne ke taɓa jijiyoyin ƙafa.

Ranar farko da na je na kusa juyowa daga bakin get. Motoci ne a jere, karnukan Turawa masu gashi kamar tumaki, ni kuwa na sauko daga pragya da kwandon wanki na ɗaure bakinsa da tsohon mayafi. Yarinyar da ke kan tebur ta dube ni sama da ƙasa ta ce kuɗin kati da ganin likita sidi 150, ta faɗa da irin muryar nan ta wadda ta riga ta yanke cewa ba za ka iya biya ba. Na tura mata ta momo ban ce komai ba. Har yau ba ta canja hali ba, kuma in ka kira wayar teburin nan sau biyar da ƙyar a ɗauka sau ɗaya, wannan kam su gyara.

Amma da na shiga ciki sai labari ya canja. Doktar mace ce, Ba'asantiya, ba ta jin Hausa sai sannu da na gode, muka haɗa Tiwi da Turanci, kuma akwai wani yaro mai taimaka mata ɗan zango ne, shi ke fassara mini inda na ɓata. Ba ta fara taɓa Bature ba sai da ta buɗe kwandon ta bar shi ya fito da kansa ya shinshina ɗakin, tana yi mini tambayoyi, me yake ci, sau nawa yake fitsari, an taɓa yi masa wata allura kwanan nan. Nan na tuna wani mai yawo da jaka yana yi wa raguna allura gab da layya, Bature na ta susa a lokacin sai Yaya ya ce a ba shi ya soka masa, ya soka sau biyu cikin wata ɗaya, susar ta tsaya muka yi ta godiya. Dokta ta girgiza kai ta ce da alama irin allurar sitiroyid ce, tana kashe ƙaiƙayi nan take amma tana ɗaga suga, kuma tsohon muzuru fiɗiyayye mai ƙiba dama shi ne ya fi kowa kusa da ciwon, allurar ta ƙarasa tura shi ne kawai. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce kar a sake.

Aka ɗora shi a sikeli kilo 4.1, shi da na san ya haura 6. Aka gwada sugan jininsa, 24. Na Mma in ya kai 15 hankalinmu tashi yake, sai na ce shi kenan Bature ya tafi. Ta ce in kwantar da hankalina, lafiyayyar kyanwa tana tsakanin 4 da 8 ne, amma kyanwa tsoro kaɗai na iya ɗaga mata suga sosai, tafiyar pragya da haushin karnukan nan ya isa, don haka ba za ta yanke hukunci da lamba ɗaya ba. Ta duba fitsari ta ga suga a ciki, ta kuma ɗebi jini aka aika wani gwaji da ke nuna yadda sugan ya kasance cikin sati biyu zuwa uku da suka wuce, wanda tsoron rana ɗaya ba ya ruɗa shi. Wannan ya burge ni gaskiya, da mai neman kuɗi ce kawai da a ranar za ta lafta mini magunguna. Gwaje-gwajen gaba ɗaya sun ci mini sama da sidi 900, kuma sun ce kwana uku sakamako zai fito sai da ya yi kwana takwas, kullum gobe gobe.

Da ya fito ba suga kaɗai ba ne. Ƙoda ta fara gajiya, mataki na 2 cikin 4 in ji ta. Hawan jini, da wani ɗan ƙaramin abin ɗaurawa suka auna a hannunsa ya wuce 170, ta ce in ya zauna sama da 160 sai an ba da magani don yana iya makantar da kyanwa dare ɗaya. Haƙora biyu sun ruɓe, dasashi ya yi ja. Ga ciwon gaɓoɓi na tsufa, shi ya sa ya daina hawa katanga. Na zauna na yi shiru, yaron nan ya ce Anti ki yi haƙuri, na ce ai duk cututtukan Mma ne ya kwashe bai bar ko ɗaya ba.

Abin da ya sa har yau nake komawa wurin nan duk da tsadarsa shi ne abin da ya biyo baya. Matar nan ta ja kujera ta ce mini, wannan ciwon ba a asibiti ake jinyarsa ba, a gida ne, ni zan gan shi sau ɗaya a wata ke kuwa sau biyu a rana, don haka sai kin zama nas. Ta kusa awa ɗaya tana koya mini, akwai mutane a waje suna jira. Ta ba ni sirinji da ruwan gishiri na asibiti ta ce in tattaro fatar bayan kafaɗarsa kamar ƙaramar rumfa in soka a gindin rumfar. Hannuna rawa yake, na farko allurar ta fita ta ɗaya gefen ruwan ya zuba a gashi, ta yi dariya ta ce kowa haka yake farawa, sake. Na uku ya shiga, Bature ko juyowa bai yi ba. Ta kuma ce in dinga canja wuri, yau dama gobe hagu, kuma in na yi shakkar ko maganin ya shiga ko bai shiga ba KAR in ƙara, gara ya rasa allura ɗaya da ya sha biyu. Wannan maganar ta maimaita ta sau uku har sai da na faɗa mata da bakina.

Insulin ɗin, wato maganin sugan da nake soka masa, irin na mutane ne, glargine, wanda ke cikin alƙalami, a kemis na saya a Adum da takardarta. Cikin alƙalami ɗaya yunit 300 ne, Bature ya fara da yunit 1 safe 1 yamma daga baya aka kai shi 2, da sirinji nake zuƙowa saboda abin ɗan mitsitsi ne. Tsakanin allura da allura awa 12. Allah ya taimake ni a Kumashi rana ba ta canja lokacin faɗuwa sosai duk shekara, sai na ɗaura ta yamma da sallar magariba, ina sallamewa in ba shi abinci in ga ya ci sannan in soka, ta safe kuma ƙarfe shida da 'yan mintuna. In bai ci ba ban soka ba sai na gwada na kira ta. To amma ku sani wannan abu igiya ce a ƙafa, awure, suna, addu'ar bakwai, duk inda nake ana kiran magariba ina neman hanyar gida. Bikin 'yar ƙanwata a Nima can Accra kwana ɗaya na yi na hau motar dare na dawo, har yau ana yi mini gori a kai.

Injin Mma na ce zan dinga gwada shi da shi, ta ce ba laifi, akwai na dabbobi musamman amma tsinkensa wahalar samu gare shi a nan, na mutane yana yi sai dai yakan nuna ƙasa kaɗan da gaskiyar lambar a jikin kyanwa, in riƙe wannan a raina. A gefen kunne ake sokawa. Dabarar da ta koya mini ita ce in zuba ɗanyar shinkafa a tsohuwar safa in ɗumama in dafa a kunnen minti ɗaya jini ya taho, in shafa ɗan basilin kar ɗigon ya bazu cikin gashi. Satin farko na ɓarar da tsinke ya fi goma, kowane ɗaya kuɗi ne, ina kuka Bature na kuka. Yanzu kuwa da ya ji ƙarar murfin robar tsinken sai ya zo ya zauna a cinyata don ya san akwai 'yar tsokar kaza bayan haka. Ina da littafin makaranta da nake rubuta lamba da lokaci, duk sati in ɗauki hoto in tura mata ta WhatsApp, tana amsawa ko da dare ne kuma ba ta taɓa cajin ko pesewa a kan wannan ba.

Yanzu ga inda suka kusa kashe mini shi. A wata na huɗu sirinjina suka ƙare, na aiki ɗan Yaya ya sayo a shagon da ke cikin asibitin, dokta ba ta nan, wani sabon yaro ne a kanta. Ya kawo kwali, na ga murfin allurar ja ne maimakon ruwan lemu da na saba, na ce wata ƙila kamfani ne daban. Na ja zuwa layi na 2 kamar kullum, na dai ga kamar ruwan ya ɗan fi yawa amma ban kawo komai ba. Na soka da safe na soka da magariba. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na ji abu na bugun ƙafar gado, na haska waya, Bature ne yake tangaɗi kamar mashayi, ya tashi ya faɗi, idanun sun buɗe baƙi wuluk ba ya ganina, yawu na zuba, jikinsa sanyi. Na jawo injin hannuna na karkarwa, 2.1. Na tuna ta ce duk abin da ya sauka ƙasa da 3 tashin hankali ne, kuma ta ce kullum in ajiye zuma kusa. Na lakato da yatsa na goga masa a dasashi, ba a ɗura masa a maƙogwaro don zai iya shaƙewa, na goga na sake gogawa ina ta Ya Hayyu Ya Ƙayyum, ɗaya hannun ina kiran dokta. Ta ɗauka a kira na biyu. Tambayarta ta farko ya ci abinci, na ce ya ci, ta biyu ɗauko sirinjin ki karanta mini abin da aka rubuta a jiki. Na karanta, U-40. Na ji ta yi wani dogon numfashi.

Ashe sirinjin insulin iri biyu ne. Na mutane yunit 100 ne a kowane mil, akwai kuma wani insulin na dabbobi mai yunit 40 a mil da nasa sirinjin daban. In ka zuƙi mai ƙarfin 100 da sirinjin 40 ka tsaya a layi na 2, ba yunit 2 ka ba da ba, 5 ka ba da, ninki biyu da rabi. Sau biyu na yi masa haka a rana ɗaya da hannuna. Bayan kamar minti 15 ya fara lasar baki ya ɗaga kai, na ba shi abinci ya ɗan ci, amma ta ce kar in yarda da wannan saboda glargine mai dogon zango ne, ƙarfin zuma zai ƙare insulin ɗin yana nan yana aiki, in kawo shi yanzu. Yaya na tasa daga barci, yana ta mita wai tsakar dare a kan kyanwa, amma dai ya tada mota. Muka same ta ta riga mu isa da zanen barci da silifas, ta ɗaura masa ruwa mai suga a jijiya, ta zauna da shi har gari ya waye.

Da safe ta kira yaron shagon a gabana, ba ta ɓoye ba ba ta ce laifina ba ne, ta ce kuskurenmu ne Madam ki yafe mana. Ba su karɓi kuɗin kwanan ba, na ruwan kawai na biya. Na yaba da wannan amma zuciyata ba ta huce da wuri ba, don wurin da ke sayar da sirinji iri biyu bai kamata ya tsayar da wanda bai san bambancinsu ba a kanta, tambaya ɗaya ce, wane insulin kuke amfani da shi. Ni ma da nawa laifin, ido ya ga ja ya ga ruwan ya fi yawa na share. Yanzu na ga sun raba su a shelf daban sun manna takarda.

Maganar abinci kuwa nan ne muka fi jayayya da su. Mai suga ana so a rage masa sitaci a ƙara nama, mai ciwon ƙoda kuma ana so a rage masa sinadarin fosfaras da ke da yawa a ƙashi da kifi, to Bature yana da duka biyun, gaba kura baya sayaki. A shagonsu akwai gwangwanayen ƙasar waje na masu ƙoda da na masu suga, kuɗin na sati ɗaya ya fi cefanen gidanmu, kuma yaran shagon sun iya tusa wa mutum kaya, sai su nuna maka kamar in ba ka saya ba kai ka kashe dabbarka. Wani lokacin ma ka saba masa da iri ɗaya sai a ce ya ƙare sai kaya sun iso daga Tema. Na gaya wa dokta gaskiya ni tela ce ba zan iya ba. Ba ta ɓata rai ba, ta rubuta mini yadda zan haɗa a gida, cinyar kaza dafaffiya ba gishiri ba magi, da zuciya da ƙundu, hanta 'yar kaɗan, da garin ɓawon ƙwai da ta auna mini da ƙaramin cokali a madadin ƙashi, da wani garin bitamin da nake saya wurinsu, sai gwangwanin ƙoda rabi a rana in hali ya yi. Busasshen abincin nan na leda mai kama da gyaɗa ta ce in bari, sitaci ya yi yawa a ciki. Koobi da momoni da duk kifin gishiri haram a gare shi, amani ma sai dai ɗan gutsure don a ɓoye magani. Kuma albasa da tafarnuwa guba ne ga kyanwa suna fasa mata jini, wato duk shekarun nan da yake lashe kwanon miya Allah ne kawai ya tsare.

Tun da na ambaci guba, wata maƙwabciyata da ta ga yana ɗingishi ta ce in ba shi rabin parasitamol, da zuciya ɗaya ta faɗa. Don Allah kar wanda ya gwada, hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka su ibuprofen da diclofenac, ƙoda suke ci. Na gaɓoɓinsa dokta gabapentin ta ba shi ɗan kaɗan saboda ƙodar, na kuma yanke bakin wata tsohuwar roba na zuba yashi don ya shiga ba sai ya ɗaga ƙafa ba. Na hawan jinin amlodipine ne, irin wanda rabin tsofaffin Asawase ke sha, amma ƙwayar miligiram 5 sai na raba ta gida takwas da reza, ku zo ku ga tela na yanka abin da bai kai ƙwayar gero ba, rabi ya zama gari rabi ya yi tsalle ƙarƙashin keken ɗinki. Haƙoran sai da sugan ya daidaita sannan ta cire su, ta gaya mini ƙarara cewa maganin barci ga tsoho mai ƙoda akwai haɗari, ta sa na sa hannu. Bayan cirewar lambobinsa suka sauko da kansu, ashe ruɓar ma tana hana insulin aiki.

Sai dumso, wato ɗauke wuta. Insulin firij yake so, tsakanin digiri 2 da 8, ba a sa shi a wurin ƙanƙara kuma ba ya son zafi. Takardar cikin kwalin ta ce kwana 28 bayan an fara amfani, dokta ta ce likitocin dabbobi da yawa suna wuce haka in yana cikin firij kuma ruwan na nan garau, amma da irin wutarmu ni ba na haura wata biyu ko da saura. In an ɗauke wuta ta daɗe, tukunyar ƙasa ƙarama nake sawa a cikin babba in cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi in rufe da jiƙaƙƙen tsumma, dabarar nan da wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har aka ba shi kyautar Rolex a 2000. Ba ta kai firij ba amma ta fi a bar shi a ɗaki mai kwano. Da na nuna wa dokta hoton sai ta ce in tura mata don ta nuna wa wasu.

Suna zuwa gida ma in ka nema, sidi 250 na biya ban da magani, kuma ga tsohuwar kyanwa ya fi sauƙi don ba ta firgita awo ya fi fitowa daidai. Sai dai in sun ce goma ka sa ran sha biyu, sau ɗaya ma sai la'asar, kuma ba koyaushe doktar ke zuwa ba, wani lokacin yaron nan ɗan zango ne. Shi kam ba ni da ƙorafi a kansa, hannunsa sanyi gare shi, shi ya koya mini ƙarin ruwa a ƙarƙashin fata da muke yi sau biyu a sati saboda ƙodar, muna rataye ledar a ƙusar labule. Ranar farko da ya zo yaran gida suka cika ƙofa suna leƙe, wani ya ruga ya ce an kwantar da Bature a gado ana ƙara masa ruwa, kafin magariba har da masu zuwa dubiya.

Masu cewa ɓarnar kuɗi ce ga mutane na yunwa, na ji, kuma ba ƙarya suka yi ba kuɗi na tafiya, katin inshorar lafiya ba ya aiki a kan kyanwa. Yaya da kansa ya ce mini ke da kin bar shi Allah ya yi ikonsa. Na ce Yaya kai ka manta matar da aka ce ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, kuma da Mma na raye kai za ka iya faɗa mata haka? Ya yi shiru, washegari ya turo mini kuɗin tsinke. Dokta ma ba ta taɓa yi mini alƙawarin ƙarya ba, ta ce wasu kyanwoyin in an kama da wuri sugan kan lafa har a daina allura, amma Bature ya daɗe da shi ba mu sani ba kar in sa rai sosai, ƙodar kuwa ba ta dawowa sai dai a rage mata gudu. Ta ce ranar da ya daina ci ya daina jin daɗin komai za ta faɗa mini ba za ta ci gaba da karɓar kuɗina ba.

In maki goma ne doktar tara zan ba ta, shagon da teburin gaba huɗu ma na yi musu kara. Wanda zai je ya je ranar Talata ko Laraba da sassafe kafin masu karnuka su cika wurin, ya rufe kwandon da zane, ya nemi a rubuta masa kuɗin kowane gwaji kafin a ɗebi jini, kuma duk sirinjin da aka miƙo masa ya karanta jikinsa a nan gaban kanta kafin ya biya.

Awon satin da ya wuce kilo 4.8, lambobinsa na yawo tsakanin 7 da 13, diddigen ya ɗan ɗago ba kamar da ba. Katanga dai ya haƙura da ita, amma shekaranjiya na shigo na tarar ya hau kujerar keken ɗinkina da kansa ya kwanta a kan leshin wata amarya da za a karɓa ranar Juma'a, sai da na kwana ina tsince farin gashi da selotef.